Daren Asabar a Gidan Juma'a

Na san Gwaggo Asabe ta riga ni ba ku labarin nan, kuma na san yadda take ba da shi: wai saura ƙiris babanku ya lalace a Sabon Gari, ita ce ta tsamo shi. Duk sallah sai ta maimaita, ku kuma kuna ta ƙunshe dariya kuna kallona ta gefen ido. To yau ga nawa. Ban ce ta yi ƙarya ba, Gwaggo ba ta ƙarya, sai dai tana tsayar da labari daidai inda ya fara yi mata ɗaci.

Ina aji biyu a jami'a lokacin, ina karanta kwamfuta. Wayar salula ta shigo gari kenan, sai manyan alhazai ke riƙe ta, mu ɗalibai namu kallo. Kawu Sabo, yayan Inna, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya dawo daga saro kaya a waje da wata 'yar na'ura da aka haɗa masa kyauta. Ya juya ta, ya danna, ya kara a kunne bai ji muryar kowa ba, sai ya miƙo min ya ce in duba ko rediyo ce. Ba rediyo ba ce. Oganaiza ce, kwamfutar tafin hannu, ba ta fi yankan burodi faɗi ba, fuskarta toka-toka, da ɗan tsinke a gefe da ake zarowa a yi rubutu da shi. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, ba ta komai cikin abin da wayoyinku suke yi. Amma wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Tsinken ma ajiye shi na yi, da farcen babban yatsa nake harkata, shaf-shaf, har 'yan ajinmu suka laƙaba min Nura Yatsa. Malami yana lacca, kafin ya rufe baki na kafta. 'Yan mata su leƙo ta kafaɗata, mazaje su ce burga ce kawai. Burga ce mana, wa ya ce ba ita ba ce?

Sai dai kyautar Kawu tana da igiya. Ba shi da ɗa namiji babba, kuma ya daɗe da kafa min ido yana so in zauna masa a shago. Duk zuwan da zai yi gaishe da kakanku Malam a gidanmu na unguwar Kwaciri a Fagge, sai ya sako zancen: wai karatun danne-danne ne, wai gaya mini wa ya taɓa riƙe gida da shi. Malam kuwa, tsohon malamin Larabci da ya ajiye aiki, bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, sai dai ya ce zai duba. Ku ba ku san Malam ba sosai. In ya ce zai duba, to fara haɗa kayanka. Abin da nake tsoro kenan a shekarar nan, ba faɗuwa jarrabawa ba: a wayi gari a ce Nura ajiye jaka, ka bi Kawunka Kwari.

Sai dabara ta faɗo min. Satin Malam cike yake fal. Yana da karatu a masallacin unguwa, yana da wani a zauren wani tsohon ɗalibinsa a Rijiyar Lemo, ga suna, ga ɗaurin aure, ga ta'aziyya, duk a ka yake riƙe su. Kai kuma ya fara gajiya. An taɓa yin ranar da mota biyu suka tsaya a ƙofar gida lokaci guda, kowacce ta zo ɗaukarsa, ya tsaya a zaure da babbar riga a kafaɗa yana kallon wannan yana kallon waccan, kunya kamar ta kashe shi. Na ce yawwa, nan zan shigo. In na zuba masa satinsa kaf a cikin oganaiza, ya buɗe ya ga komai a fuska ɗaya, zai san danne-danne yana da rana. Matsalar ita ce kalandar da ta zo da na'urar 'yar rainin hankali ce. Rana ɗaya take nunawa a shafi, in ka ce ta nuna maka sati sai ta jero maka wasu baƙaƙen sanduna ba rubutu, kai za ka yi ta canka. Dole a sa mata wata, abin da kuke ce wa manhaja yanzu, mu softwaya muke cewa.

Mutum ɗaya aka nuna min a duk garin nan mai igiyar da ake jona irin wannan na'ura da babbar kwamfuta, shi ne Oga Chidi, wanda kuke kira Baba Chidi yau. Shagonsa na Sabon Gari, a layin masu gyaran rediyo da talabijin, ɗan ƙuƙut, ƙamshin dalma da hayaƙin janareta sun cika shi. Ya ɗan girme ni. Iyayensa daga Gabas suka zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa har ta fi ta wasunku fita. Shi ma yana da irin na'urar a aljihun gaba. Ya buɗe min kalanda biyu a kwamfutarsa. Ta farko 'yar gayu ce, gida bakwai a jere kamar ɗakunan haya, kowace rana da gidanta, ga 'yan zane-zane da za ka liƙa: ƙararrawa, mota, cokali. Satinta daga Litinin yake farawa. Na sa mata suna Mai Kwalliya. Ta biyu ba ta da ado ko ɗaya, rubutu ne zalla manya-manya, kowane gida yana ɗaukar magana mai tsawo, amma satinta daga Lahadi yake farawa, kuma babu inda ake canzawa. Ita na kira Dattijuwa. Cikin na'urar kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar biyun, sai dai ka zaɓi ɗaya.

"Ta waye? Wa za ka yi wa aiki da ita?" in ji Chidi.

"Ta babana. Malami ne."

"Malamin makaranta ko malami malami?"

"Duka biyun."

"To ɗauki mai Litinin, ɗan boko. Kar tsoho ya buɗe ya ga Lahadi a sahun gaba, ya ce wani Inyamuri ya sa masa coci a aljihu. Ni ba na son rigima."

Gaskiya ni ma abin da ke raina kenan. Amma da ya riga ni faɗa, sai zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Me ya sa gayen nan yake tura ni ga Mai Kwalliya? Na leƙa tasa na'urar, Dattijuwa ce a ciki. Af, wato mai kyan ya riƙe wa kansa. Ko kuma dai Mai Kwalliya shan batir gare ta, yana so in riƙa zarya shagonsa. Na ce ya sa min Dattijuwa. Na kwana da ita, na tuna fuskar Malam, na koma na ce a cire a sa Mai Kwalliya. Na shiga aji da ita, mazaje suka ce ba ƙarya, amma rubutunta ƙanana ne kamar ƙwan kifi, idon Malam kuma ba na saurayi ba ne. Na sake komawa. Haka na yi ta yi, daga makaranta in dire a Sabon Gari, a cire wannan a sa waccan, Chidi yana min tsiya wai ko mai zaɓen mata bai kai ni ruwan ido ba. A ƙarshe na tsaya a kan Mai Kwalliya, ba don ta fi ba, don tsoron Lahadin nan.

A cikin zaryar nan ne Gwaggo Asabe ta gan ni. Ƙanwar Malam ce, kun sani, tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu, kuma babu abin da ke wuce idonta. Ta je kasuwar Sabon Gari sayen robobi, ta hango ni ina fitowa daga lungu, kusa da wani gida da kiɗa ke tashi, ina washe baki ni kaɗai ina danne-danne. Gidan kiɗan nan maƙwabcin shagon Chidi ne, bango ɗaya suka haɗa, ni ko ƙofarsa ban sani ba. Amma je ka faɗa wa Gwaggo. Dama tana ciki da na'urar, don na sa mata ƙararrawar tuna lacca, sai ta yi ƙit-ƙit-ƙit a aljihuna in miƙe in ware. Gwaggo ta ce wannan ba agogo ba ne, kira ne, wani ne yake kiran yaron nan yana amsawa. Ba ta yi min magana ba. Ta bari sai da aka idar da la'asar Malam yana zaune a zaure, ta aika aka kira ni, ita kuma ta tsaya a bayan labule inda za ta ji komai.

"Ina kake zuwa in ka tashi daga makaranta?" Malam ya tambaya, idonsa a kan littafi.

"Sabon Gari, Malam. Wajen mai gyara."

"Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Kalanda nake zaɓa."

Da bakina na faɗa, da kunnena na ji yadda ta fito kamar ƙarya. Gwaggo ta yi wata 'yar dariya a bayan labule.

"Kalanda, Yaya Malam. Ga ta can rataye a bango, ta masu man girki, kyauta aka ba mu. Shi sai ya je gidan kiɗa zai samo tasa."

Na so in ce ita me ta je yi lungun, robobi ai a bakin titi ake sayar da su, amma na haɗiye. Na so in ciro na'urar in nuna wa Malam satinsa da na fara shiryawa, ya ɗaga hannu ya ce in bar ta a aljihu. Ya ce ƙarfe ba ya ba da shaida, mutum ke bayarwa.

"Mai gyaran nan yana da suna?"

"Chidi."

Ya ɗago ya dube ni a karon farko.

"Yana da ƙafa?"

"Yana da ita, Malam."

"To ya zo daren Asabar, bayan magariba. In akwai shi, zan gan shi. In babu shi, ka san inda shagon Kawunka yake."

Nan sai na tsaya in yi muku bayani, don na lura ku 'yan yanzu kun fara zama Turawa a wannan wajen. A gidan Malam, kamar kowane gidan malamai a Fagge, dare ne yake riga rana zuwa. Da an kira magariba, ranar ta ƙare, wata ta shiga. Daren Juma'a shi ne Alhamis da daddare, daren Asabar shi ne Juma'a bayan faɗuwar rana. Da wannan aka raine ni, ba sai na yi tunani ba. Na ciro oganaiza, na shiga gidan Juma'a, can ƙasa wajen yamma, na kafta: daren Asabar, gidan Malam, bayan magariba. Washegari na dira a shagon Chidi. Na tarar da shi ya sa kai cikin wata talabijin, janareta na ruri, kiɗan maƙwabta na dukan bango. Na yi ihu a kunnensa na faɗa masa halin da nake ciki. Ya fito da kai ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya ce ba komai zai zo, in harbo masa. Na'urorin nan suna da wani ɗan baƙin ido a goshi, in ka haɗa biyu fuska da fuska sai saƙo ya tsallaka, ba waya ba igiya. Abin da ya fi komai burge ni kenan. Na harba, tasa ta yi ƙit, ya mayar da ita aljihu ya koma cikin talabijin. Na kwatanta masa gida, na fece ina fito.

Ranar Juma'a Inna ta yi dambu da zogale, har da soya kaza, ta ce baƙo baƙo ne ko daga ina yake. Aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Muka dawo daga magariba muka zauna, ni da Malam. Duk babur ɗin da ya shigo layi sai in ɗaga kai, ya wuce. Gwaggo tana kai-kawo a tsakar gida tana magana da Inna da ƙarfi don a ji, wai ita dai ta san irin mutanen nan masu suna babu jiki. Dambu ya huce. Na fita bakin layi na duba hagu na duba dama, na dawo. Aka kira isha'i. Malam ya rufe littafinsa a hankali, ya miƙo hannu.

"Kawo ta."

Na ba shi. Ya zura ta a aljihun jamfarsa ko kallonta bai yi ba.

"Kar ka fita gobe. Litinin da safe ka bi Kawunka."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Wunin Asabar ɗin nan a ɗaki na yi shi, babban yatsana yana ta motsi shi kaɗai a kan cinyata kamar yana neman abin dannawa. Ba wanda ban zarga ba. Na ce Chidi tsoro ya ji, ya ji an ce gidan malami a cikin Fagge ya ce ba da shi ba. Na ce a'a, raini ne, ya ga ɗan makaranta mai ruwan ido ya ce wannan ba ya kai in rufe shago dominsa. Na ce ko dai dama da wata a ƙasa, gidan kiɗan nan nasa ne ban sani ba. Na zargi Mai Kwalliya, na ce 'yar iskar ba ta harba komai ba, ƙit ɗin ƙarya ta yi. Har Gwaggo ban bari ba, na ce wa ya sani ko ta koma lungun ta yi masa kashedi, tunda ta san hanya. Inna ta leƙo ta ajiye min abinci, sannan ta tambaye ni a hankali, tsakanina da Allah akwai mutumin? Wannan ce ta fi ci min rai. Har Inna.

An idar da magariba, ina bayan Malam muna shigowa gida, sai muka ji babur ya tsaya. Wani ya yi sallama cikakkiya. Na juya, ga Chidi, riga fara ƙal an goge ta har tana ƙyalli, takalmi sau ciki, da ledar lemo da ayaba a hannu. Ya cire takalmi a bakin zaure ba wanda ya ce masa, ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. Ni ne Chidi. An ce kana nemana, ga ni."

Malam ya dube shi tun daga sama har ƙasa, sannan ya juyo gare ni, kuma na karanta abin da ke idonsa: yaron nan ya yi aike a ɓoye, ya nemo wanda zai rufa masa asiri.

"Wa ya je ya kira ka yau?"

"Ba kowa, Baba."

"To ka makara, samari. Jiya na ce."

"Jiya kuma? Baba, daren Asabar aka ce min. Ga shi ma a rubuce."

Ya ciro tasa na'urar ya miƙa da hannu biyu. Malam ya sa tabarau. Na matso ina leƙe, ga rubutuna kuwa, harafi ɗaya bai canza ba, amma yana zaune daram a gidan Asabar. Na ce wallahi ni a gidan Juma'a na sa. Malam ya ciro tawa daga aljihu ya ce in buɗe. Na buɗe, ga shi a gidan Juma'a. Magana ɗaya, gida biyu. Malam ya jera su a kan tabarma yana duban wannan yana duban waccan, kamar ranar motocin nan.

"Ɗaya cikinku ya taɓa," ya ce.

"Ni na taɓa, Baba," in ji Chidi. "Da na tashi daga aiki na duba, sai na ga an rubuta Asabar amma ya faɗa gidan Juma'a. Tasa daga Litinin take farawa, tawa daga Lahadi. Na ce shi kenan, garin tsallakowa ya zame gida ɗaya, dama ban yarda da kalandar nan tasa ba. Sai na ja shi na mayar inda ya dace, don kar in saɓa maka."

Malam ya dubi Chidi. Sannan ya tambaye shi, yanzu da muke zaune, wane dare ne? Chidi ya ce daren Asabar mana. Malam ya ce daren Lahadi ne. Chidi ya dube ni yana neman ceto, na gyaɗa masa kai. Ya ce Lahadi ai sai gobe, shi da zai je coci da safe ya fi kowa sani. Sai Malam ya ɗan karkata wajen labule, don ya san ba ya rasa mutum.

"Asabe."

"Na'am, Yaya Malam."

"Yaushe aka haife ki?"

"Daren Asabar. Ai kai ka sani, kai aka aika kiran ungozoma."

"Da rana kafin nan, wace salla muka je da Baba?"

Labule ya ɗan motsa. Can ta ce, ciki-ciki, "Juma'a."

"Ka ji, samari. Ranar Juma'a bayan isha'i ta zo duniya, kuma ba wanda ya taɓa ce mata Jummai."

Chidi ya riƙe haɓa. Ya ce shi a garin nan aka yanke masa cibiya, a nan ya yi wayo, yana cin tuwo yana cinikin Hausa, amma yau ya fara jin wannan. Ya ce wato duk abokan cinikinsa da yake cewa ba sa cika alkawari, ashe wasunsu sun zo shi ne ba ya nan. A nan ne na ga gefen bakin Malam ya motsa. Bai yi dariya ba, amma ya ce a kawo wa baƙo ruwa, kuma Gwaggo ce ta miƙo kofin ta ƙasan labule. Ya yi masa tambayoyi, sunan mahaifinsa, aikin da yake yi, gidan kiɗan nan na wane ne. Chidi ya ce na maƙwabci ne, shi ma ya ishe shi, ko ƙarar rediyon da yake gyarawa ba ya ji. Ya ce yaron nan ba abin da yake zuwa yi sai hana shi aiki, a sa wannan a cire waccan.

Malam ya ɗauki tawa, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya ce wannan rubutun na tururuwa ne, kuma me mota da cokali suke yi a ciki? Ya ajiye. Ya ɗauki ta Chidi ya karanta ba wahala. Ya sa yatsa a gidan farko.

"Wannan me ya sa ba a sa wa yaron nan irinta ba?"

Muka dubi juna ni da Chidi. Shi ya yi ƙarfin hali.

"Baba, daga Lahadi take farawa. Muka ce kar ranka ya ɓaci."

"Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis," Malam ya faɗa yana bin gidajen da yatsa. "Da Larabci ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar kenan. Sunan ranar ma ɗaya ne. Wane ne yake fara ƙirga daga biyu?" Ya dube mu ta saman tabarau. "Wato ku biyu kuka zauna a Sabon Gari kuka yanke min abin da zan ji tsoro."

Ya ce gobe, a'a, Litinin, tunda gobe mutumin yana da ibadarsa, in kai a cire mai cokalin a sa wannan. Na ji kalmar Litinin ta wuce ba a haɗa ta da Kwari ba, amma ban yarda ba tukuna, na san Malam. Ya ci gaba da juya na'urar, sannan ya tambaya a cikin biyun wacce ce take shiga sabuwar rana da magariba. Chidi ya ce babu, duk sai tsakar dare suke juyawa. Malam ya ce to duk biyun da gyara, kuma za su ci gaba da haɗa mutane faɗa. Ya ce su wa suke ƙera irin wannan?

"Mutane ne, Baba. Masu irin karatun da yake yi."

Malam ya ajiye na'urar a kan tabarma. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"To ya je ya karanta. In ya gama ya yi mana wadda ta san magariba."

Ban yi tsalle a gabansa ba, na bari sai da na raka Chidi bakin layi, a nan na rungume shi har ledar da ya manta bai miƙa ba ta fashe, lemo ya gangara kwata. Amma kar ku ɗauka abin ya zo a banza. Kawu Sabo ya ji haushi ƙwarai, ya ce da kyautarsa aka yaƙe shi. Ya ɗauke ƙafa daga gidanmu har na gama makaranta, Inna ta sha kuka a kan haka, shagon kuma ya ba wa wani ya riƙe, shi ya sa yau in kun je Kwari ba ku da inda za ku zauna a ba ku lemo. Oganaiza ita ma ban ƙara mallakarta ba. Da aka sa mata Dattijuwa na zuba satin Malam, ya karɓa ya ce zai duba, ta koma aljihun jamfarsa. Nura Yatsa ya koma biro da takarda, mazaje suka samu abin tsokana har muka fita. Sai dai in ya yi sabon alkawari ya kira ni in kafta masa, yana tsaye a kaina, kuma duk na dare sai na rubuta masa shi da suna biyu. Mota biyu ba su ƙara haɗuwa a ƙofarmu ba.

Kalandar da ya ce in yi, ita na yi a aikina na shekarar ƙarshe. Ba kyau gare ta ba, kuma ba wanda ya taɓa amfani da ita sai mutum ɗaya. Ranar da na sa masa, ya zauna a zaure da ita a tafin hannu tun la'asar sakaliya, yana jira ya kama ta da laifi. Ladan ya ɗaga murya, Alhamis ta koma Juma'a a gaban idonsa. Ya ce hm, ya mayar aljihu, ya tafi masallaci. Wannan hm ɗin ya fi min takardar digiri.

Gwaggo har gobe tana nan a kan bakanta, ta ce ita dai ta ji kiɗa, kuma ba wanda ya ce ba ta ji ba. In ta sake ba ku labarin, ku saurara da ladabi, in ta kai inda take tsayawa ku tambaye ta wace rana aka haife ta. Baba Chidi kuwa, kun sha ji da kunnenku kuna zaton wasa ne kawai. Duk sanda na kira shi na ce ya zo cin tuwo daren Asabar, sai ya ce:

"Tsaya, ɗan boko. Na Malam, ko namu na Sabon Gari?"